Laifes a Kan Garin Maganaɗisu, Novozym 435, ko Sinadari: Wanne Ya Dace da Mai Haɗa Man Inji Daga Tsirrai a Zariya?

Ɗalibin digiri na biyu ko na uku a Samaru da ya ɗauki batun mayar da man tsirrai man inji, ko a sashen injiniyan sinadarai yake ko a bayokemistiri, ba ya nisa da karatu sai maganaɗisu ya ja hankalinsa. Takardun binciken 'yan shekarun nan cike suke da hoto iri ɗaya: kwalabe biyu, ɗaya baƙa ƙirin, ɗayar kuma ta washe tas, an jingina mata mayen ƙarfe, baƙin duk ya taru a gefe guda. Hoton ba ƙarya ba ne. Sai dai abin da ke cikin kwalbar galibi ruwa ne ko etanol, ba man inji ba, kuma a nan gizo ke saƙar.

Hanyoyi huɗu ne a gaban mai wannan aiki wajen zaɓen katalis, wato abin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai. Ko ya yi amfani da sinadari zalla, irin su sodiyam metoksaid da asid. Ko ya zuba inzayim ɗin laifes, furotin mai hanzarta fasa kitse da haɗa shi, a sake cikin mai. Ko ya sayi laifes ɗin da kamfani ya riga ya ɗaure a kan ƙwayoyin roba, wanda Novozym 435 ya fi shahara a cikinsu. Ko kuma shi da kansa ya haɗa garin magnetait, baƙin sinadarin ƙarfe da maganaɗisu ke ja, mai ƙwayoyin nano, wato ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, ya ɗaure laifes a kai. Ra'ayina tun daga farko shi ne, maganaɗisu matsala ɗaya tak yake warwarewa, wato raba inzayim da mai bayan an gama. Wanda ba wannan ce damuwarsa ba, ya ɗora wa kansa aikin watanni ne a kan abin da bai dame shi ba.

Aikin da ake nema katalis ya yi

Ɗanyen man tsirrai ba baya ba ne wajen santsi. Yana manne wa ƙarfe fiye da man da aka tace daga fetur, kuma kaurinsa ba ya saurin zubewa idan inji ya ɗauki zafi: a ma'aunin da ake kira VI, yawancin man tsirrai suna kusa da 200, man fetur na gargajiya kuwa kusa da 100. Turirinsa ba ya kama wuta sai zafi ya kai wajen digiri 300. Da man zurma aka riƙa shayar da injinan wasu jiragen sama a yaƙin duniya na ɗaya. Ga shi kuma idan ya zube a gona ƙasa na cinye shi, abin da ya sa ya dace da sarƙar injin yankan katako, da haidurolik ɗin tarakta, da famfunan ban-ruwa irin waɗanda ke jere a bakin Galma da rani, inda man da ya ɗiga ba shi da wurin zuwa sai ruwa.

Rauninsa biyu ne. Gilisarol ɗin da ke riƙe da asid ɗin kitse guda uku a kowace ƙwayar man yana da haidurojin a kan kabon na tsakiya, kuma ta nan zafi ke karya shi. Sannan duk inda akwai haɗi mai ninki biyu a jikin asid ɗin, oksijin na samun ƙofa, mai ya yi danƙo ya bar dauɗa a jikin ƙarfe. Maganin na farkon shi ne a cire gilisarol a sa wani alkohol da ba shi da wannan haidurojin, kuma wanda aka fi amfani da shi shi ne TMP, farin abu mai kama da gishiri, mai rassa uku, da ke narkewa a wajen digiri 58. Saboda haka aikin hawa biyu ne. A hawa na farko a mayar da man ya zama metil esta, wato bayodizal, ko a fasa shi da ruwa ya zama asid ɗin kitse. A hawa na biyu a liƙa uku daga cikinsu a jikin TMP ɗaya, abin da ya fito shi ne esta ɗin TMP. Reshe na farko da na biyu suna kamawa da sauri, na ukun ne ke ba da wahala, kuma ba ya cika sai ana kwashe metanol ko ruwan da ke fitowa a kai a kai.

Wani abu da ya kamata ɗan Zariya ya lura da shi: yawancin aikin farko a kan TMP an yi shi ne don ƙasashen sanyi, misali binciken da aka yi a Finlan a shekarun 1990 da man wani tsiro dangin kabeji, inda babbar damuwa ita ce kada mai ya daskare a tsakiyar hunturu. Mu sanyinmu na Disamba da Janairu iyakarsa ya daskarar da manja da man kaɗe da asuba. Abin da ke kashe mai a nan zafin Maris da Afrilu ne, da ƙura, da injin niƙan da ke kwana yana aiki. Don haka ɗalibin da ya ɓata rabin kuɗinsa yana neman man da ba ya daskarewa a digiri 40 ƙasa da sifiri, amsar tambayar wasu yake nema. Juriyar oksijin ita ce tamu.

Wannan kuwa tun daga zaɓen mai ake fara ta. Man angurya fiye da rabinsa linoleyik ne, mai haɗi biyu-biyu, don haka komai kyan katalis ba zai daɗe ba. Bini-da-zugu ya ɗan fi shi. Man zogale kusan kashi 70 cikin ɗari oleyik ne, mai irin wannan haɗi guda ɗaya tak, shi ya sa masu gyaran agogo a Turai suka daɗe suna amfani da shi, amma tsadarsa ta fi ƙarfin inji. Zurma daban take: kusan kashi 90 cikin ɗari risinoleyik ce, kaurinta a digiri 40 ya kai wajen sentistok 250, kuma ba abinci ba ce. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR tana aiki a kan auduga da gyaɗa da zurma da bini-da-zugu, saboda haka samun iri mai asali ba sai an bar Samaru ba. Ga kuma cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa ga mai neman abokan shawara a ɓangaren sinadarai.

Sinadari zalla

Sodiyam metoksaid shi ne dokin aiki na masana'antu. Da kashi ɗaya cikin ɗari ko ƙasa da haka, a zafin digiri 110 zuwa 130, da famfon zuƙe iska mai ƙarfi, cikin 'yan awoyi kaɗan ake gamawa, kuma masu bincike a Maleshiya sun nuna da manja cewa ana iya cika rassan uku kusan gaba ɗaya. Yana da araha, kuma ba ya buƙatar firij. Sharaɗinsa shi ne mai ya zama busasshe kuma babu sakakken asid a ciki. Man darbejiya ko na bini-da-zugu da aka matse aka ajiye a jarka wata da watanni, asid ya riga ya yi masa yawa, kana zuba metoksaid sai ya koma sabulu, kwalba ta cika da kumfa. Dole sai an fara rage asid ɗin da salfurik asid da metanol. Idan kuma aka ce asid ɗin ne zai yi aikin duka, sai zafi ya kai digiri 150 ko fiye, man ya fito da duhu, a bi shi da wanki da tacewa, ga ruwan wankin da za a rasa inda za a zubar.

Duk da haka, wanda burinsa ya fitar da lita ashirin ya kai wa masu tarakta su gwada, wannan ce hanyarsa. Ban ga dalilin ɓoye wannan ba.

Laifes a sake, da na kanti

Laifes yana aiki a digiri 40 zuwa 60, bai damu da sakakken asid ba, hasali ma abincinsa ne, kuma man yana fitowa da haske ba sabulu. Tun 1984 Zaks da Klibanov suka nuna cewa laifes na iya aiki a inda babu ruwa sai ɗan kaɗan, har ma ya fi jure zafi a haka. Abin da ake biya shi ne lokaci, don kwana ɗaya zuwa uku ba abin mamaki ba ne kafin reshe na uku ya cika. Sai kuma kuɗi, don da kuɗin waje ake sayensa.

Garin laifes a sake, misali na Candida rugosa, idan ya shiga mai dunƙulewa yake yi ya manne a bangon kwalba, kuma da wuya a maido shi da ƙarfinsa. Wurin da ya fi amfani shi ne hawa na farko, fasa mai da ruwa. A nan ma akwai wata hanya mai rahusa da ake yawan tsallakewa: ƙwayar zurma da kanta tana ɗauke da laifes mai aiki a ruwa mai ɗan tsami, kuma an yi amfani da garinta wajen fasa mai. Amma cikinta akwai risin, guba mai kisa, don haka ba aikin da za a yi da hannu tsirara ko a bar ƙurarsa tana tashi ba ne.

Novozym 435 laifes ne na Candida antarctica, nau'in da ake kira CALB, an manna shi a cikin ramukan ƙwayoyin roba masu girman da bai kai milimita ɗaya ba. Kamfanin Novozymes na Denmak ne ya yi suna da shi, wanda a 2024 ya haɗe da Chr. Hansen suka koma Novonesis. Fa'idarsa babba ita ce sananne ne. Ka buɗe gwangwani, ka auna, ka zuba, kuma duk sakamakon da ka samu akwai ɗaruruwan ayyuka da za ka gwada shi da su. Ƙwayoyin suna da girman da ƙyallen tacewa zai tare su. Lahaninsa kuma sanannu ne: sandar juyawa tana niƙe ƙwayoyin su zama gari, metanol mai yawa yana kumbura robar ya kashe inzayim, gilisarol yana toshe ramukan, sannan inzayim ɗin manne kawai yake, yana iya zamewa. A cikin mai mai kauri kuma, manyan ƙwayoyin esta mai rassa biyu suna shan wuya kafin su kutsa cikin ramukan su kai ga inzayim. Akwai 'yan'uwansa masu sauƙin kuɗi, Lipozyme TL IM da RM IM, waɗanda suka fi son bakin gilisarol biyu su bar tsakiya.

Garin maganaɗisu

Ɗaure inzayim ba sabon abu ba ne. Nelson da Griffin sun manna inzayim ɗin inbates a kan gawayi tun 1916, kamfanin Tanabe Seiyaku a Japan ya fara amfani da ɗaurarren inzayim a masana'anta a 1969, kuma a 1973 Robinson da Dunnill da Lilly a Landan suka kawo shawarar a ɗora shi a kan abin da maganaɗisu ke ja. Abin da zamanin nano ya ƙara shi ne ƙanƙanta. Ƙwayar magnetait mai faɗin nanomita 10, idan aka yi lissafi, giram ɗaya yana da fili sama da murabba'in mita 100, kuma filin a waje yake, ba cikin rami ba, don haka mai yana taɓa inzayim kai tsaye. Ƙwayar da ba ta wuce wajen nanomita 20 ba kuma tana da wata ɗabi'a: tana bin maganaɗisu idan yana kusa, da an janye shi sai ta saki, ba ta riƙe ƙarfin.

Haɗa garin shi ne mafi sauƙin aikin, kuma shi ke yaudarar mutane. Hanyar da Massart ya bayyana a 1981 har yau ita ake bi: gishirin ƙarfe mai caji uku kashi biyu, mai caji biyu kashi ɗaya, a narkar a ruwan da aka kore wa iska, a ɗumama, a zuba amoniya ana juyawa da ƙarfi. Ruwan da yake ruwan goro, kafin ka ɗauke hannu ya koma baƙi wuluk. Ka ɗora bika a kan mayen ƙarfe, cikin ɗan lokaci baƙin ya kwanta, ruwa ya washe a sama, ka tsiyaye. Maganaɗisun ma ba sai an yi oda ba, na cikin tsohon hadis na kwamfuta niyodimiyam ne, masu gyaran kwamfuta a PZ da Sabon Gari ba sa rasa matattu. Ranar ɗalibi yakan koma ɗaki yana jin ya ci rabin aiki. Bayan 'yan kwanaki, idan ba a rufe da kyau ba ko ba a yi aikin ƙarƙashin naitirojin ba, sai ya ga baƙin ya fara komawa ƙasa-ƙasa. Oksijin ne ya mayar da shi magemait. Har yanzu maganaɗisu na jansa, amma ba abin da aka rubuta a babi na uku ba ne, kuma XRD, gwajin da ke duba tsarin ƙwaya da hasken eksire, da ƙyar yake bambance su biyun.

Daga nan zaɓi na gaba ya taso, kuma shi ne ainihin binciken: a lulluɓe ƙwayar ko a bar ta tsirara, sannan ta yaya za a kama inzayim.

Barin ta tsirara ya fi sauri, amma a aikin man inji ban ga hujjarsa ba. Ana dafa ta ne kwana da kwanaki a cikin asid ɗin kitse mai ɗumi, ƙarfe zai riƙa narkewa kaɗan-kaɗan yana shiga man, ƙarfe kuwa yana cikin abubuwan da suka fi gaggauta lalacewar mai da oksijin. Ka wahala ka cire gilisarol don mai ya daɗe, sannan ka zuba masa abin da zai tsufar da shi. Lulluɓin silika ta hanyar Stöber, wadda aka sani tun 1968, da TEOS (sinadarin da ke ba da silikar) da etanol da amoniya, yana toshe wannan ƙofa, ya kuma ba da wurin liƙa wasu sinadarai. Kuɗinsa shi ne ƙarfin ja yana raguwa. Dunƙulallen magnetait yana da ƙarfin ja na wajen emu 92 a giram, na nano ba ya kai haka, kowane lulluɓi kuma yana ƙara nauyin da maganaɗisu bai san da shi ba. Ga wanda zai bi hanyar ifoksaid, inda ake amfani da haidurojin feroksaid a rufe haɗin nan mai ninki biyu, lulluɓi dole ne, domin ƙarfe da feroksaid idan suka haɗu suna haifar da abin da ke ƙone inzayim ɗin kansa.

Kama inzayim kuma iri biyu ne manya. Na farko ɗaurin dindindin: a sa sinadarin APTES ya shimfiɗa rukunin amino a kan silika, a kawo gulutaraldihaid ya zama gada tsakaninsu da laisin, wani amino asid da ke jikin inzayim. Na biyu mannawa: a shafe ƙwayar da abu mai gudun ruwa, kamar silen mai kabon takwas, sai laifes ya ɗauka ɗigon mai ne ya buɗe murfinsa ya kwanta a kai. Abin kamar turke ne. Akuyar da aka ɗaure ba ta ɓata, amma idan igiya ta yi gajarta ko aka ɗaure ta ta wuya da ƙafa, ba ta kai bakinta ga ciyawa. Gulutaraldihaid ba ya zaɓen inda zai kama, yana iya ɗaure inzayim fuskarsa na kallon ƙwayar, shi ya sa sau da yawa ƙarfin aiki ke faɗuwa bayan ɗauri ko da juriyar zafi ta ƙaru. Mannawa kuwa takan bar laifes masu babban murfi, irin na Thermomyces lanuginosus da Candida rugosa, a buɗe, har wani lokaci su fi na sake kuzari. CALB murfinsa ƙarami ne, ribar da yake samu ta nan ba ta kai tasu ba. Wata fa'idar mannawa da ta dace da aljihunmu: idan inzayim ya mutu, ana wanke shi da sinadarin wanki a ɗora sabo a kan garin nan dai. Ɗaurin dindindin idan ya mutu, da shi da garin duk sun tafi.

Tsoron da ake yi wa mannawa shi ne zamewa. A cikin mai zalla inzayim ba ya narkewa, don haka zamewar ba ta kai yadda ake zato ba. Amma asid ɗin kitse da esta mai reshe ɗaya suna da ɗabi'ar sabulu, kuma idan akwai ruwa a hawa na farko za su ɓamɓare shi. Ni dai a hawa na biyu, inda babu ruwa, mannawa zan fara gwadawa, in ya so a bi ta da ɗan gulutaraldihaid mai rauni ya ɗinke inzayim ɗin da junansu. A inda ruwa yake, ɗaurin dindindin.

Abubuwan da hoton kwalba ba ya nunawa

Na farko abin dariya ne amma yana cin mako guda: ba a juya garin maganaɗisu da sandar juyawa ta maganaɗisu. Duk garin zai tattaru a jikin sandar ya yi mata gashi, man yana zagayawa shi kaɗai. Sai injin juyawa na sama mai fiffiken gilashi ko roba, ko injin girgiza. Kafin ka rubuta furofozal, ka leƙa ɗakin gwajin ka tabbata akwai ɗaya mai aiki, kuma za a bar maka shi kwana uku a jere.

Na biyu kauri. Saurin da ƙwaya ke tafiya zuwa ga maganaɗisu yana raguwa daidai yadda kaurin ruwan ya ƙaru. Esta ɗin TMP na oleyik yana faɗawa ajin kauri na ISO VG 46, wato ya fi ruwa kauri ninki 60 da ɗoriya a digiri 40. Man zurma ya fi ninki 300. Abin da ya ɗauki minti ɗaya a ruwa zai iya cin awa a mai, kuma mafi ƙanƙantar ƙwayoyin ba za su iso ba sam, su ne za ka ga man ya yi duhu-duhu ko bayan an raba. Dabarun rage wannan su ne a raba tun man na da zafi, ko a sirka da hekzen, wanda kuma sai an sake dafa shi ya fita. Mafi inganci shi ne kada a nace wa ƙanƙanta. Saurin yana tafiya ne da murabba'in girman ƙwaya, dunƙulen da ya ninka girma sau 10 yana isa sau 100 da sauri. Gungun ƙwayoyi da silika ta haɗe su wuri ɗaya, ko inzayim da aka dunƙule aka ɗinke tare da garin, sun fi amfani a mai ko da sunan nano ya ɗan ragu a kan takarda.

Na uku ya biyo bayan na biyu. Duk ƙwayar da ta rage a cikin man inji, ƙasa ce mai kankare ƙarfe, silika ma ta fi. Masu duba lafiyar inji suna auna ƙarfen da ke cikin tsohon mai ne don su san ko inji na cinyewa. Man da ya fito daga kwalba da ƙarfensa tun bai ga inji ba, ya faɗi tun a nan. Don haka bayan maganaɗisu ma sai an tace, kuma sai an auna ƙarfen da ya rage a man da na'urar AAS an rubuta.

To ina maganaɗisu ya yi zarra? Inda akwai wani daskararren abu a cikin kwalbar. Wanda ba shi da famfon zuƙe iska mai kyau yakan zuba ƙwayoyin tsotse ruwa, ga kuma ragowar TMP da bai narke ba, ko dusar da ta biyo ɗanyen mai. Mataci ba ya bambance su da Novozym, duk tare zai kwaso. Mayen ƙarfe kuwa nasa kawai yake ɗauka. Haka nan garin ba ya farfashewa da juyawa, kuma raba shi ba ya buƙatar wuta. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama. Sai dai a tuna awoyi 48 na ɗumi da juyawa da zuƙe iska su ma wuta suke ci, kuma a wannan fuskar metoksaid mai gamawa kafin la'asar ya fi kowane inzayim dacewa da janareto. Inzayim kuma, ɗaurarre ko sakakke, firij yake so.

Hujjar da za a nema a wurinka

Ranar kare aiki, malamin da ya san abin ba zai tsaya a kan hoton ba. Zai ce, “Malam, ka ce inzayim ya hau, da me ka sani?” Amsar ita ce auna furotin da ya rage a ruwan ɗauri da na wanki ta hanyar Bradford, sannan auna ƙarfin aiki, don hawa daban, aiki daban. FTIR, gwajin da ke gane sinadarai da hasken infrared, zai nuna ƙarfe da oksijin a wajen 580, da alamar furotin a wajen 1650, amma alamar esta ta wajen 1740 ba ta tabbatar da komai, domin ɗanyen man ma esta ne. Ana buƙatar adadin asid, da adadin haiduroksil, da gwajin rarrabe sinadarai na GC ko aƙalla TLC da zai raba mai reshe ɗaya da biyu da uku. Sai kauri a digiri 40 da 100 bisa ASTM D445, a fitar da VI da D2270. VSM mai auna ƙarfin maganaɗisu da TEM mai nuna girman ƙwaya kuwa, ka sa kuɗin aika samfuri da jiran sakamako cikin kasafi tun yanzu.

Sai maimaici, wanda shi ne dalilin ɗaurin gaba ɗaya. Yawancin rahotanni suna tsayawa a zagaye 5 zuwa 10. Ka auna nauyin garin bayan kowane zagaye, don a san ko inzayim ne ke mutuwa ko gari ne ke bin mai yana tafiya. Kuma ka yi gwajin maimaicin a daidai lokacin da aikin bai kammala ba. Idan ka zuba inzayim mai yawa ka bar shi kwana uku, zai nuna kashi 90 a kowane zagaye alhali rabinsa ya mutu.

Wa zai ɗauki wanne

Mai digiri na biyu da ke da shekara ɗaya ta aikin gwaji da kuɗin aljihunsa, wanda tambayarsa ita ce ko man darbejiya ko na aduwa zai yi man haidurolik, ya ɗauki Novozym 435 ko metoksaid ya zuba ƙarfinsa a kan auna man. Idan ya haɗa sabon mai da sabon katalis a aiki ɗaya, ranar da abu ya ƙi ba zai san wanne ne mai laifi ba.

Mai digiri na uku, ko ma'aikacin cibiya da katalis ɗin ne kansa abin bincike, garin maganaɗisu fili ne mai kyau, musamman idan zai ɗora laifes mai araha, irin na ruwa da ake sayar wa masu bayodizal, ko wanda 'yan maikurobayoloji suka ware daga ƙasar wurin matsar mai. A nan ne lissafin kuɗi zai iya fitowa, domin sayen tsarkakakken CALB mai tsada don a ɗora shi a kan gari, alhali ana sayar da shi a ɗaure, ba ya rage ko kwabo. Ya lulluɓe da silika, ya yi gungu maimakon ƙwaya ɗai-ɗai, kuma ya ajiye kwalbar Novozym 435 a gefe tana aiki da mai iri ɗaya, zafi ɗaya, adadin furotin ɗaya. In ba tare da ita ba, ko garinsa ya kammala kashi 85 cikin ɗari na aikin, ba shi da abin da za a gwada shi da shi.

Mai niyyar sana'a kuwa, ya fara da man da kasuwarsa ke kusa kuma sharaɗinsa ba tsanani, kamar man sarƙa da giris, ta hanyar sinadari. Man cikin injin mota yana buƙatar tarin sinadaran ƙari da gwaje-gwajen da ƙaramin mai sana'a ba zai iya ɗauka ba.

Kowanne aka zaɓa, TMP da TEOS da APTES da inzayim duk oda ake yi, kuma sukan ɗauki makonni kafin su iso Zariya. APTES da TEOS suna lalacewa idan laima ta shige su, don haka ƙaramar kwalba ta fi babba, musamman ga wanda aikinsa zai faɗo cikin damina. A yi odar inzayim a ƙarshe, bayan garin ya samu an kuma tabbatar da shi, sannan a tambayi mai kawowa a cikin me zai yi tafiyar daga Legas.